Shekara guda da kamfanin da ke karɓo mana kuɗin asibitin ƙashi a Houston

Ni ce ke kula da harkokin ofis a wani ƙaramin asibitin ƙashi mai zaman kansa a birnin Houston da ke jihar Texas ta Amurka, inda likitoci uku ke duba masu karaya da targaɗe da ciwon gaɓoɓi, suna kuma yin tiyatar gwiwa da ƙugu da kafaɗa. Fiye da shekara guda ke nan da muka damƙa wa wani kamfani na waje aikin nemo mana haƙƙinmu daga kamfanonin inshora, kuma da yake wasu 'yan'uwa da ke irin wannan aiki a wasu jihohi sun sha tambayata yadda muke ƙarewa da su, na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai wuraren da zan yi ƙorafi, kuma har yanzu muna tare da su.

Wanda ya saba da yadda ake yi a gida, inda mai jinya zai je wurin karɓar kuɗi a asibitin ƙashi na Dala ya biya a ba shi rasit kafin a shiga da ɗan'uwansa ɗakin tiyata, zai yi mamakin cewa a nan akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai rubuta takardar neman biya. A Amurka likita yakan yi aiki tukuna, kuɗin ya biyo baya da makonni, kuma ba zai zo ba sai an fassara abin da likitan ya yi zuwa lambobi. Kowane aiki yana da lambarsa mai gurbi biyar a cikin kundin CPT, wanda ƙungiyar likitocin Amurka ke sabuntawa duk shekara: sauya gwiwa gaba ɗaya 27447 ne, sauya ƙugu kuma 27130. Kowace cuta ita ma tana da tata lambar a tsarin ICD-10, wanda aka koma kansa ranar 1 ga Oktoban 2015, kuma a fannin ƙashi wannan tsari ba ya yafiya, domin sai an faɗi ko gwiwar dama ce ko ta hagu, sai kuma harafin ƙarshe ya nuna ko karayar sabuwa ce ana kan yi mata magani, ko tana warkewa yadda ake so, ko ta ƙi haɗewa, ko ta haɗe a karkace. Harafi ɗaya ya goce, takardar ta dawo.

Shekara da shekaru wata dattijuwa ce ke yi mana wannan aiki ita kaɗai a wani ɗan ɗaki kusa da inda ake ɗaukar hoton ƙashi, kuma sai da ta yi ritaya muka gane cewa rabin ilimin asibitin a kanta yake, ba a cikin kwamfuta ba. Mun ɗauki wata matashiya, ba ta yi wata huɗu ba wani babban asibiti ya ɗauke ta da albashin da ba za mu iya biya ba. A nan ne babban likitanmu ya ce in nemo kamfani.

Kamfanoni huɗu na zauna da su, kuma duk huɗun sun zo da magana iri ɗaya: sun ƙware a fannin ƙashi, kuɗinmu zai ƙaru, za mu huta. Tun da baki ba ya rasa abin faɗa, sai na ɗauko rahotannin tiyata guda goma, na goge sunaye da duk abin da zai nuna ko su wane ne majinyatan, na ba kowane kamfani na ce ya sanya musu lambobi. A ciki na sa wani rahoto da gangan, na tiyatar gwiwa da ake yi da kyamara, inda likita ya yanke yagaggen guringuntsi a ɓangare ɗaya, ya kuma goge saman gaɓar a wani ɓangaren. Lambar yanke guringuntsin ita ce 29881, kuma tun daga 2012 bayaninta ya haɗa har da gogewar, ko a ɓangare ɗaya aka yi ko a wani daban, saboda haka ba a neman kuɗin gogewar a gefe. Kamfanin da ya fi kowa araha, wanda ya ce zai karɓi kashi 4 cikin 100 na abin da ya shigo, ya rubuta lambobi biyu, ya liƙa wa ta biyun alamar 59, wadda ke nufin aiki ne daban mai zaman kansa, sannan wakilinsu ya nuna mini wannan da alfahari a matsayin kuɗin da muke bari yana zuba. Na yi masa godiya na sallame shi. Sunan likita da lambar rajistarsa ta ƙasa ne ke kan takardar da ake aika wa Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya da ke kula da tsofaffi, ba sunan kamfanin ba, kuma dokar hana neman kuɗin gwamnati da ƙarya, wadda ta samo asali tun 1863, likitan za ta fara tambaya. Haka nan idan aka gano an biya asibiti fiye da haƙƙinsa, kwana 60 doka ta ba shi ya mayar. Wanda muka zaɓa ya nemi kashi 6, amma shi kaɗai ya sami rahoton daidai, har ma mai sanya lambar tasu ta maido mini da tambaya a kan wani rahoton kafaɗa, cewa likitan bai rubuta abin da zai isa a nemi kuɗin ƙarin aikin da ya ce ya yi ba. Wannan tambayar ce ta sayo ni. Na kuma nemi ganin shaidar ƙwarewarta, aka nuna mini tana da takardar ƙwarewa a sanya lambar tiyatar ƙashi daga AAPC, ƙungiyar da ke ba masu sanya lambobi shaida.

Akwai wata tambayar da na yi musu wadda a da ba za ta zo mini a rai ba. A watan Fabrairun 2024 an yi wa Change Healthcare kutse, kamfanin da takardun neman biya na asibitoci masu ɗimbin yawa ke bi ta cikinsa kafin su isa ga masu inshora, kuma asibitoci a faɗin ƙasar sun yi makonni kuɗi ba ya shigowa yadda aka saba. Na tambayi kowane kamfani ta wace hanya yake aika takardu, kuma idan ta toshe ina zai bi. Namu ya nuna mini yana da rajista da hanyoyi biyu. Sauran sun ce za su bincika su gaya mini.

Abin da ya fi burge ni a aikinsu, kuma har yau ban sami abin kushewa a cikinsa ba, shi ne sauri da naci. Likita zai rufe rahotonsa da yamma, kafin in iso ofis da safe takardar ta tafi, saboda wani sashe na ma'aikatansu yana wata ƙasa inda rana take a lokacin da muke barci. Sun gaya mana haka tun farko, kuma yana cikin yarjejeniyar kare sirrin majinyata da dokar HIPAA ta 1996 ta wajabta a sa wa hannu kafin a buɗe wa wani na waje bayanan mara lafiya. Saurin yana da muhimmanci a Texas fiye da yadda baƙo zai zata, domin ko da yake Medicare na ba da shekara guda daga ranar da aka yi aiki, Medicaid ta jihar, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, da inshorar waɗanda suka ji rauni a wurin aiki kwana 95 kawai suke bayarwa, kuma mu da muke ganin magina da masu aikin matatar mai da direbobi, wannan kason ba ƙarami ba ne a wurinmu. A watannin da muka yi ba mu da tsayayyen ma'aikaci mun yi asarar takardu da dama a kan wannan wa'adi kaɗai. Tun da kamfanin ya karɓa ban ga ko ɗaya ta wuce lokaci ba. Suna kuma da haƙurin zama a kan waya da masu inshora, wanda duk wanda ya taɓa yin minti arba'in yana sauraron kiɗan jira ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Inda muka fara samun saɓani shi ne wa'adin da ke biyo bayan tiyata, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a ganina nan ne ake gane wanda ya san aikin ƙashi da wanda ya haddace lambobi kawai. Idan aka yi wa mutum babbar tiyata, kuɗin da aka biya likita ya ƙunshi duba shi kwana ɗaya kafin tiyatar, da ranar tiyatar, da duk zuwan da zai yi a kan wannan ciwon har kwana 90 bayanta. Cire ɗinki, duba rauni, sauya bandeji, duk ba a sake neman kuɗinsu. Amma majinyaci mutum ne, ba gwiwa kaɗai ba. Wata mata da aka sauya wa gwiwar dama ta dawo bayan mako biyar da ciwon kafaɗar hagu, likita ya duba ta sosai, ya ɗauki hoto, ya yi mata allura a gaɓar. Wannan aiki ne da ba shi da alaƙa da tiyatar, kuma akwai alamomin da ake liƙawa don a sanar da haka: 24 a kan dubawar, 79 a kan allurar. An aika takardar babu su, inshora ta ƙi biya da dalilin cewa matar tana cikin wa'adin tiyata, sai ma'aikacin kamfanin ya karɓi wannan dalili ya share bashin daga littafi kamar yadda ake share abin da ba haƙƙinmu ba. Da ban zauna wata Juma'a da rana ina bin jerin abubuwan da aka share layi-layi ba, da ba wanda zai sani. Da na ci gaba da tonawa sai na tarar ba ita kaɗai ba ce.

Na kira wanda aka naɗa ya riƙa kula da asusunmu, kuma zan yi masa adalci: bai yi musu ba, bai kuma ɗora laifin a kanmu ba. Ya bayyana mini cewa ƙwararriyar da ta burge ni a gwaji rahotannin ɗakin tiyata kawai take gani, amma zuwan yau da kullum da takardun da aka ƙi biya wasu ma'aikata ne na gama-gari ke yin su, waɗanda yau suna kan asibitin fata, gobe na yara. Wannan bayani ya kamata a ce na nema tun kafin mu sa hannu, ban kuwa nema ba, domin na ɗauka wadda aka nuna mini ita ce za ta riƙa taɓa komai. Sun sake aika waɗanda lokacinsu bai ƙure ba, waɗanda suke na Medicare kuma suka ɗaukaka ƙara a cikin kwana 120 da ake bayarwa, yawanci aka biya. Daga nan muka kafa ƙa'ida a rubuce cewa ba za a share ko dala ɗaya ba sai na gani na amince.

Kuskure na biyu ya fi ciwo a aljihu. Akwai allurar da ake yi wa masu ciwon gwiwa don ta ƙara wa gaɓar santsi, Synvisc-One, wadda asibiti ke saya da kuɗinsa ya ajiye kafin inshora ta mayar masa. Sirinji ɗaya miligiram 48 ne, lambarta kuwa, J7325, a kan kowane miligiram ɗaya ake lissafa ta, saboda haka 48 ake rubutawa a gurbin adadi. Wani ya rubuta 1, wato sirinji ɗaya a tunaninsa, inshora kuwa ta biya kuɗin miligiram ɗaya ba tare da ta ce uffan ba, domin a wurinta takardar ba ta da aibi. Irin wannan kuskure ba ya fitowa a rahoton takardun da aka ƙi biya, wanda shi ne rahoton da kamfanoni suka fi son nunawa. A kan takarda an biya, an rufe. Na gano shi ne kawai saboda ni nake sa hannu a kan takardar sayen maganin, kuma na san abin da muka kashe bai yi kusa da abin da ya dawo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da ba kuskure ba ne, hali ne da tsarin biyan da kansa ke haifarwa. Wanda ladansa kaso ne na abin da ya shigo zai bi takardar sauya ƙugu har inda ta tsaya, amma takardar madaurin gwiwa ko ta ɗan gajeren zuwa, wadda kasonsa a ciki bai kai kuɗin shayi ba, idan aka ƙi biya sau ɗaya sai ta kwanta. A asibitin ƙashi kuwa irin waɗannan ƙananan su ne masu yawa, kuma madauri da takalmin karaya suna da nasu lambobin da nasu sharuɗɗan, har ma a Medicare wani ofishi ne daban ke biyan su. Duk wata sai na ware jerin bashin da ya wuce kwana 90 na jera shi daga ƙarami zuwa babba, ba daga babba zuwa ƙarami ba kamar yadda rahotonsu ke zuwa, sannan in tura musu. Suna bi idan an nuna musu. Ba sa farawa da kansu.

Ɓangaren da na fi ba su maki kaɗan shi ne amsa wayar majinyata. Wani dattijo ɗan ƙasarmu da ke zaune wurin ɗansa ya faɗi a banɗaki ya karye a wuyan hannu, likita ya ga ƙashin bai goce ba, ya ɗaure shi da filasta ya sallame shi. Bayan makonni takardar inshora ta iso gida an rubuta tiyata a kai, da kuɗi mai kauri. Ɗan ya kira lambar da ke kan takardarmu, wadda ta kamfanin ce, aka karanta masa lambar 25600 aka ce haka likita ya rubuta, shi ke nan. Washegari sai ga su a ofis, dattijon yana riƙe da takardar a hannunsa mai lafiya, ya ce mini, "'Yata, ni dai ba a tsaga ni ba, ba a sa mini wuƙa ba, ina tiyata a nan?" Na ce, "Baba, gaskiyarku ne, ku zauna in yi muku bayani." Na nuna musu cewa kundin lambobin ya sa kula da karaya a babin tiyata ko da ba a taɓa fata ba, kuma kuɗin da suka gani na kwana 90 ne gaba ɗaya, duk dawowar da za su yi a duba hannun ba za a sake cajin ganin likita ba, sai dai hoton ƙashi da kayan ɗauri idan an sake. Ya yi shiru, ya ce to ai kamar mai ɗori ne da ake sallama sau ɗaya ya yi ta zuwa har a warke. Bayanin bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma da wanda ya amsa wayar ya san shi da an hutar da tsoho hawa mota da karyayyen hannu. Tun daga lokacin muka mayar da lambar ofishinmu kan takardun, muka kuma fara yi wa duk mai karaya wannan bayani tun kafin ya fita.

Game da yarjejeniyar kanta, abu biyu na yi daidai, ɗaya na yi sakaci. Na dage cewa kuɗi zai riƙa shiga asusun bankin asibiti kai tsaye, su kuma su aiko da takardar ladansu a ƙarshen wata, kuma wannan ya dace da ƙa'idar Medicare, wadda ba ta yarda a biya wakili da hannunsa ba idan ladansa ya rataya a kan yawan abin da aka karɓo. Na kuma dage su yi aiki a cikin manhajarmu maimakon tasu, domin ranar da za a rabu kada bayanan majinyatanmu su zama abin roƙo, kuma wannan ne ya ba ni damar ganin duk kurakuran da na ambata. Sakacin kuwa a kan ma'anar abin da ya shigo ne. A wata na farko na ga sun lissafa kasonsu har a kan kuɗin da majinyata ke biya a teburin karɓar baƙi kafin su ga likita, wanda ma'aikatanmu ne ke karɓa da hannunsu, kamfanin bai ɗaga yatsa a kai ba. Da na koma ga takardar sai na ga haka aka rubuta, ni ce ban karanta da kyau ba. Sai da aka zo sabuntawa muka cire shi. Neman izinin inshora kafin hoton MRI ko tiyata, da yi wa sabon likita rajista da kamfanonin inshora, duk ba sa cikin kashi 6 ɗin, kowanne da kuɗinsa daban, kuma mun bar neman izinin a hannunmu saboda yana buƙatar wanda zai iya leƙa ɗakin likita ya yi tambaya nan take.

Hutun da aka yi mana alkawari bai zo yadda aka faɗa ba. Aikin buga takardu da jiran waya ya bar kaina, amma aikin sa ido ya maye gurbinsa, kuma yana cin mini kusan yini guda a kowane mako. Ga asibitin da ke da mutum ɗaya a ciki wanda ya san bambancin alamar 24 da ta 25 (wadda ke nuna duba na daban da aka yi rana ɗaya da wani aiki), kuma yake da ikon buɗe littafin bashi ya yi tambaya, wannan kamfani ya cancanci kuɗinsa, kuma na fi son sa da ɗaukar sabon ma'aikaci duk bayan 'yan watanni. Ga likitan da ke shi kaɗai, wanda yake so ya miƙa komai ya koma ɗakin tiyata bai sake waiwaya ba, ba zan ba shi shawarar su ba, domin kuɗinsa zai riƙa tsiyaya ta wuraren da rahoton wata-wata ba ya nunawa.

Mun sabunta da su na shekara guda, ba uku da suka nema ba, da sharaɗin kowane ɓangare zai iya janyewa da sanarwar kwana 90. Mun kuma sa a rubuce cewa takardun da aka ƙi biya a cikin wa'adin tiyata ƙwararriyar nan ce za ta riƙa duba su, kuma sau biyu a shekara za mu ɗauki wani mai bincike na daban ya zaɓi rahotanni ya gwada lambobinsu, a kan kuɗinmu. Binciken farko yana tafe a wata mai zuwa, kuma na riga na ware masa rahotannin kafaɗa, domin su ne har yanzu nake ganin likitocinmu da kamfanin ba sa karanta su da ido ɗaya.